Uwar saiwa da 'ya'yanta: lamarin sengaparile a rairayin Kalahari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar riɗi lokacin da ya yi fure, ko ya tsinki karkashi a bayan gari, ya san dangin wannan tsiro ko da bai taɓa jin sunansa ba. Gidansu ɗaya a lissafin masana tsirrai, gidan da ake kira Pedaliaceae, kuma furensu duk kamar bakin kakaki yake. Sai dai shi wannan ɗan'uwan nasu can kudancin Afirka ya yi zamansa, cikin rairayin Kalahari. Mutanen Botswana suna ce masa sengaparile, a Namibiya kuma za ka ji ana cewa kamangu. Turawa sun laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce farcen shaiɗan, saboda siffar 'ya'yansa. A littattafan kimiyya Harpagophytum procumbens ne. Ni dai sengaparile zan kira shi, tunda da wannan sunan masu shi suka san shi.

Ba ya tashi sama. Yaɗo yake yi a ƙasa irin na tsidau, rassansa su bazu daga tsakiya zuwa ko'ina, ganyensa toka-toka mai ɗan gashi. Idan ruwan farko ya sauka a wajen Nuwamba, wato lokacin da mu a nan muke shiga hunturu, sai ya ɓullo, ya yi fure mai launin shunayya da ja-ja, maƙogwaron furen kuma rawaya. Furen ba ya daɗewa. Bayansa sai ɗa ya fito, ya bushe ya yi tauri kamar itace, da hannuwa masu ƙugiya ta kowane gefe. Wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa wando ya ƙiyasta irinta mai girman tafin hannu, mai ƙarfin riƙe kofaton saniya. Haka yake yaɗa iri: ya maƙale a ƙafar dabba, tana tafiya tana taka shi, ƙwayoyin suna zuba kaɗan-kaɗan a hanya. Makiyaya ba sa ƙaunarsa, don yana gurgunta dabba, idan kuma ya kama bakinta sai ta kasa kiwo.

Da sanyi ya shigo, ruwa ya ɗauke, duk abin da ke sama ya bushe ya ɓace, sai ka wuce ta kansa ba ka san da shi ba. Ransa a ƙasa yake. Akwai uwar saiwa, wadda ta nutsa kai tsaye cikin yashi, daga kanta ne sabon tsiro ke fita kowace shekara. Daga jikinta wasu siraran saiwoyi suke miƙewa gefe-gefe, su yi ta kumbura wuri-wuri kamar dankali. Waɗannan 'ya'yan saiwa su ne rumbunsa, a cikinsu yake ajiye ruwa da abincin da zai kai shi wata damina, ko ya tsallake shekarar fari. A cikinsu ne kuma maganin da ake neman tsiron dominsa ya fi taruwa. Wannan bambanci tsakanin uwa da 'ya'ya shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Inda yake, da inda ya fara ƙarewa

Yankinsa yana da faɗi ƙwarai. Ana samunsa a Namibiya da Botswana da arewacin Afirka ta Kudu, musamman lardunan Northern Cape da North West da Limpopo. Yana da ƙane, Harpagophytum zeyheri, wanda ya fi son inda ruwa ya ɗan fi yawa, wato arewacin Namibiya da kudancin Angola da Zambiya da Zimbabuwe. Abin da sengaparile ke so shi ne yashi mai zurfi, rana ba inuwa, da ruwan sama kaɗan, daga wajen milimita 150 zuwa 500 a shekara.

Ba ya iya gasa da ciyawa. Inda ciyawa ta yi kauri ko sarƙaƙiya ta rufe fili, sai ya yi ƙaranci. Inda shanu suka rage ciyawa, ko gefen hanya, ko saura da aka daina nomawa, nan yake yawa. Shi ya sa wasu ke masa kallon ciyawar banza da ba abin da zai same ta. Amma idan kiwon ya wuce kima, a shekarar da babu abin ci dabbobi sukan cinye yaɗon nasa tun yana ɗanye, ya kasa mayar wa rumbunsa abin da ya ci. Kuma ba a shimfiɗe yake ko'ina daidai ba. Tsibi-tsibi yake fitowa: nan ka iske ɗaruruwa a fili ɗaya, ka yi tafiyar yini ba ka ƙara ganin ko ɗaya ba. Ƙwayarsa tana iya kwanciya shekaru a yashi ba ta tsira ba, kaɗan ne daga waɗanda suka tsira ke tsallake ranin farko, wanda ya rayu kuma sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya tara 'ya'yan saiwar da suka isa tono.

A nan ne faɗin yanki yake ruɗin mutane. Mai kallon taswira zai ga tsiro ya mamaye ƙasashe da dama, ya ce ai wannan ba ya ƙarewa, kuma gaskiyarsa ne idan ana maganar jinsin gaba ɗaya. Amma matar da take tono shi a kusa da ƙauyensu, wadda bara take samu a tafiyar awa ɗaya, bana sai ta kwana a daji, ita ta san ya ƙare a wurinta. Tsiro yana iya zama lafiya lau a rahoton ƙasa alhali ya ɓace daga inda talaka ke iya kaiwa da ƙafa.

Yadda ya kai Turai

Ƙabilun yankin, wato mutanen San da Nama da Herero da Tswana, sun daɗe suna amfani da shi: don zazzaɓi, ciwon ciki, ciwon jiki, da shafawa a miki. Ɗaci gare shi sosai. Baturen Ingila William Burchell ya bayyana shi a rubuce a 1822, bayan yawon da ya yi a kudancin Afirka. Amma hanyarsa zuwa kasuwa ta bi ta Jamus ne, wadda ta mallaki Namibiya ta yau daga 1884 zuwa 1915. Labarin da 'yan kasuwa ke yawan bayarwa shi ne na wani Bajamushe, G. H. Mehnert, wanda ya ga yadda wani mai magani na gargajiya ke warkarwa da shi a farkon ƙarni na 20, ya bi diddigi har ya gano tsiron. Ana ba da labarin kamar na gwaninta, ni kuwa abin da ke tsaya mini a rai shi ne zamanin da abin ya faru: shekarun 1904 zuwa 1908, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi. Sunan Baturen ya shiga littattafai, na mai maganin da ya san sirrin bai shiga ba.

A 1958 wani masani a jami'ar Jena, B. Zorn, ya wallafa binciken da ya nuna saiwar tana rage kumburi a jikin dabbobin gwaji. Daga 1962 aka fara fitar da ita da yawa zuwa Jamus. Sinadarin da ake auna ingancinta da shi sunansa harpagoside, kuma ƙa'idar magunguna ta Turai ta ce kada ya gaza kashi 1.2 cikin 100 a busasshiyar saiwa. Hukumomin can sun amince da ita a matsayin maganin gargajiya na ƙananan ciwon gaɓoɓi da rashin cin abinci da ɓacin ciki, tare da gargaɗi ga masu gyambon ciki da masu juna biyu. Tsofaffin Jamus da Faransa masu fama da ciwon baya da sanyin ƙashi su ne manyan masu saye. A shekarun 1990 kasuwa ta buɗe sosai, abin da Namibiya ke fitarwa ya kai wajen tan 600 a ƙarshen shekarun, a 2002 ya haura tan 1,000. Namibiya ce ta fi kowace ƙasa fitarwa, kuma kusan duk daga daji ake tono shi.

Ramin da ake tonawa

Mu sauka inda aikin yake. Mai tono yakan fita da sassafe da sandar tono ko shebur, da wuƙa, da buhu. Galibi matalauta ne na ƙarshe: 'yan San da aka raba da filayen farautar kakanninsu, tsofaffin leburorin gonakin Turawa, mata masu riƙe da gida su kaɗai. Ya durƙusa gefen tsiron ya fara yaye yashi, yana bin siririyar saiwa da hannu har ya taɓo kumburin. Wani lokaci ramin ya kai ƙugu. Yashin yana zubowa yana mayar masa da aiki baya. Abin da ya samu ya kai gida, a yanyanka shi fale-fale tun yana ɗanye, a shanya. Mafi yawan nauyinsa ruwa ne, kusan kashi 80 cikin 100 ko fiye, don haka tulin da ya sha wahalar ɗaukowa yakan koma ɗan abin da ba zai cika kwano biyu ba. Idan aka shanya a ƙasa ya kwashi yashi, idan ya ji danshi ya yi fumfuna, duka biyun kuma dalili ne na karya farashi.

Hanyar tono biyu ce. Ta farko ita ce wadda tsofaffin San suka sani tun asali: a tona gefe ɗaya, a ɗebi 'ya'yan saiwar wannan gefen, kada a taɓa uwar, a mayar da yashi a rufe ramin a danne, a bar tsiron ya huta shekara uku ko huɗu. Wanda aka yi wa haka yana farfaɗowa, ya sake tara wasu. Ta biyu ita ce a tumɓuke duka, uwa da 'ya'ya, a yanka uwar a cakuɗa don ƙarin nauyi, a bar rami a buɗe a wuce. Ko da an bar uwar, in ba a rufe ramin ba rana da iska sukan busar da ita, ramin kuma ya zama tarkon karya ƙafar saniya.

Me ke sa mutum ya zaɓi ta biyu? An daɗe ana cewa jahilci ne, ana shirya tarukan wayar da kai. Ban yarda jahilci ne babban dalili ba. Ka duba halin da yake ciki. Wani ɗan kasuwa ya kwaso su a mota ya sauke a dajin da ba nasu ba, ya ba su garin masara da sukari da taba bashi, a kan zai cire daga kuɗin saiwa. Sikelin nasa ne, farashin shi ke yankawa. Mai tonon ya san ba zai sake dawowa wannan fili ba, ya kuma san in ya bar uwar, ayarin da zai zo bayansa zai cire ta. Rufe rami aiki ne na rabin awa da ba wanda zai biya shi. A irin wannan hali, barin uwar saiwa asara ce tsagwaronta ga mai yunwa. Daga hannunsa kayan kan bi ta dillalai biyu ko uku kafin su kai ga mai fitarwa, sannan kamfanin da ke tace sinadarin a Turai, sannan kantin magani. Ƙididdigar da aka yi a farkon shekarun 2000 ta nuna abin da ke shiga aljihun mai tono wajen kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin da mai ciwon baya ke biya a can, ko ƙasa da haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, saiwarta ake bi, kuma masu tono da yawa ba sa barin abin da zai sake tohowa. Maɗacin da aka zagaye da sassaƙa har ya mutu a tsaye ba baƙon abu ba ne a bakin hanyoyinmu. Abin da ya bambanta sengaparile shi ne girman kasuwar da ke jansa daga ƙetare.

Takaddamar Nairobi

Ba a rasa doka ba. Namibiya ta sa shi cikin tsirran da ake karewa tun 1977, ƙarƙashin dokar kare halittu ta 1975, da sharaɗin takardar izini. Botswana ma tana buƙatar izini kafin a tona ko a fitar. Amma a daji mai faɗin Kalahari, da ma'aikata ƙalilan, takarda ba ta tsare rami. A tsakiyar shekarun 1980 Namibiya ta ajiye izinin tono ta bar na fitarwa kawai, sai a 1999, da kasuwa ta yi zafi, ta dawo da shi.

A Afrilun 2000, a taron ƙasashen yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wanda aka yi a Nairobi, Jamus ta gabatar da buƙatar a sa Harpagophytum a jeri na biyu na yarjejeniyar. Wannan jeri bai hana ciniki ba, sharaɗi yake gindayawa: kowane kaya sai da shaidar cewa fitar da shi ba zai cutar da jinsin ba. A fuska buƙatar tana da kyau, ga babbar mai saye da kanta tana cewa a yi hattara. Amma Namibiya da Botswana da Afirka ta Kudu suka ƙi. Hujjarsu ita ce babu ƙididdigar da ta nuna jinsin na cikin haɗari a faɗin yankinsa, ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba, kuma mai saye a Turai da zarar ya ji sunan tsiro a jerin CITES zai ɗauka mai ƙarewa ne ya guje shi. Kamfanoni kuma za su juya ga noma shi a gonaki, dubban masu tono su rasa ɗan abin da suke samu. Jamus ta janye buƙatar. Aka tsaya a kan ƙasashen da ke da tsiron da masu sayensa su tattaro bayanai su kawo.

Tsoron nasu bai zama na banza ba, don jin maganar kaɗai ya sa masu saye suka ja baya, abin da aka fitar a wannan shekarar ya ragu. A ganina ƙasashen uku sun yi daidai da suka ƙi, ko da yake damuwar Jamus ba ƙarya ba ce: ana ɓarna a wurare da dama. Kuskuren buƙatar shi ne ta nufi tashar jirgin ruwa, alhali cutar tana bakin rami. Takardar fitarwa ba ta gaya maka ko an bar uwar saiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da aka gwada a Vergenoeg

Tun kafin taron Nairobi an fara wani gwaji. A 1997 wata ƙungiya mai zaman kanta a Namibiya, CRIAA SA-DC, ta fara aiki da masu tono a Vergenoeg, wata gonar da gwamnati ta tsugunar da marasa fili a yankin Omaheke, gabashin ƙasar. Ba wani sabon ilimi aka kawo musu ba, hanyar tonon kakanninsu ce. Abin da aka canza shi ne sharuɗɗan da ke kewaye da ita. Masu tono suka yi rajista a ƙungiya, aka san wane yanki na wane ne. Kafin lokacin tono a zaga a ƙirga tsirrai, a yanke iyakar abin da za a ɗiba, a raba tsakaninsu. Aka ba su sikelinsu, da wuƙaƙen da ba sa tsatsa, da ragar shanya a sama da ƙasa, da ɗakin ajiya. Aka haɗa su kai tsaye da mai fitarwa a kan farashin da aka amince tun farko, aka tsallake dillalai. Bayan an gama kuma a sake zagawa a duba ramuka. Da aka samu shaidar cewa kayan ba su taɓa sinadarin noma ba, farashin ya ƙara hawa, har ya ninka abin da 'yan baranda ke biya.

Mutumin da ya san wannan filin nasa ne, ya san bayan shekara uku shi zai dawo kan wannan tsiron, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kafin ya rufe rami. Tsarin ya bazu zuwa wasu gonakin Omaheke, sannan zuwa yankunan da dokar 1996 ta ba al'umma ikon kula da albarkatun dajinsu, kamar Nyae Nyae na mutanen Ju/'hoansi (wani reshe na San) da aka yi wa rajista a 1998, ya kuma kai ga mutanen Khwe (su ma San ne) mazauna gandun dajin Bwabwata. A wasu daga waɗannan wurare kuɗin sengaparile yana cikin manyan kuɗin da ke shiga hannun gidaje kai tsaye, musamman hannun mata. A 2010 Namibiya ta fitar da manufa ta ƙasa a kan tsiron: izini ga mai tono da mai saye da mai fitarwa, horo kafin a ba da izini, da lokacin tono daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba.

Kada a ɗauka an gama. Kayan da ke bin wannan tsari ba su ne duka ba, har yanzu wani kaso mai yawa yana bin tsohuwar hanyar mota da bashi. Kasuwar kuma ba ta hannun masu tono. A 2004 Jamus ta sauya dokar inshorar lafiya, aka daina biyan kuɗin yawancin magungunan da ake saye ba da takardar likita ba, har da na tsirrai, buƙata ta faɗi, kuma mutumin da ke Omaheke ya ji a jikinsa ba tare da ya san daga ina iskar ta kaɗo ba. Da ƙa'idar Turai ta karɓi zeyheri tare da procumbens, nauyin tono ya matsa arewa, kaya suna tsallako iyaka daga Angola da Zambiya, inda sa ido ya fi rauni, su fita ta Namibiya. Ga kuma batun noma: an yi ta gwada shuka shi a gonaki a Afirka ta Kudu da Namibiya. Idan ya yi nasara daji zai huta, amma mai gona da jari shi zai ci kasuwar, 'yan San su koma hannu rabbana, daga nan kuma ba wanda zai damu da tsare filayen da tsiron ke fita da kansa. Tace sinadarin, inda ribar take, har yanzu galibi a Turai ake yi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da dokar da Namibiya ta yi a 2017 a kan rabon amfanin albarkatun halitta da ilimin gargajiya sun buɗe ƙofar neman haƙƙin masu ilimin, sai dai tafiyar tana da nisa.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu doka ta hana tono a Namibiya. Lokacin ne ruwa ke sauka, uwar saiwar da aka bari ta turo sabon yaɗo, ta yi fure ta zuba iri. Lokacin ne kuma tsiron ke fitowa fili a gan shi, don haka a wuraren da ke da ƙungiya masu tono kan bi filayensu suna duba ramukan bara, suna ƙirga wanda ya toho da wanda bai toho ba, kuma da wannan lissafin ake yanke abin da za a ɗiba idan Maris ya kama.